Karnukan Bayan Shinge

Litinin, 12 ga Janairu 2015, bayan la'asar

Bartholomew ya dawo daga Norway. Da kansa ya zo ofis, wato ɗakin nan da nake haya a saman shagon wanki a unguwar Gorton ta Manchester, ya hau matakalar da gwiwarsa mai ciwo. Tsohon direban tram ne, jirgin ƙasan cikin gari, shi ya fara sayen tafiya a hannunmu, kuma kowace shekara wuri ɗaya yake komawa, Gidan Tafki, ya hau keken da karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara. Ya ce tafiya ta yi daɗi, abinci ya yi daɗi. Sai ya yi ta juya hularsa a hannu. Ya ce tsofaffin karnukan da ya sani bara, bai ga ko ɗaya ba. Da ya tambaya, aka ce an kai su kudu wajen iyalai masu son su. Ya ce duka? Aka ce duka, aka ƙara masa kofi.

Na ce ai abokin aikina Yaya Inusah ya je dubawa a Nuwamba, ya dawo ya ce lafiya lau. Ya ce to madalla. Ya sauka a hankali.

Hotunan suna nan a bango. Yara goma sha biyu za mu kai Gidan Tafki a hutun Fabrairu, rabi daga nan, rabi daga Lozells, unguwar Yaya Inusah a Birmingham. Tun Satumba na ba kowa hoton karensa, ya san sunansa da halinsa kafin su haɗu. Ta Raki, ɗaya daga cikin yarana, tsohuwa ce mai furfura a baki, Tussa.

Talata, 13 ga wata, da hantsi

Yaya Inusah bai ɗauki waya ba.

Talata, bayan magariba

Ya ɗauka. Ya ce, "Malama Asama'u, Baturen nan tsoho ne, karnuka kuwa duk kamarsu ɗaya." Na ce Bartholomew ya fi ni da shi sanin karnukan nan. Ya ce in zo Birmingham ranar Asabar, matarsa Sahada za ta yi wake da shinkafa irin na Ghana. Duk ran da Yaya ya fara maganar abinci, akwai maganar da ba ya son a yi.

Bari in tuna wa kaina me ya sa muke wannan aikin, don yau na kusa mantawa. Hukumar birni ta rufe cibiyar matasanmu, ta Yaya ma aka rufe a shekara guda. Wai babu kuɗi. Ginin namu yana nan, an buga katako a tagogi, yaran da muke koya wa karatu da girki a ciki suna tsaye a bakin shagon kaza har dare. Kafin rufewar na taɓa kai wasu yara arewacin Norway, na ga yadda yaron da ba ya jin maganar kowa yake durƙusawa yana sa wa kare ɗamara a natse. Na kuma ga wuraren da kare ke wuni a sarƙa. Shi ya sa muka ce za mu sayar wa manya tafiya, amma sai zuwa gidajen karnukan da suka yarda da sharuɗɗanmu, ribar kuma mu kai yara sau ɗaya a shekara. Ba wuni a sarƙa. Kowane kare yana da ranar hutu. Wanda ya tsufa a riƙe shi har Allah ya ɗauki ransa, ko a ba wanda za mu iya kira mu ji lafiyarsa. Sannan muna iya zuwa dubawa kowace rana, ba sanarwa.

Ni na rubuta sharuɗɗan nan da hannuna. Suna a kan kowace takardarmu ta talla.

Alhamis, 15 ga wata, da yamma

Ranar yara. Raki ta riga kowa zuwa, ta zazzage jakarta a kan tebur. Safa huɗu ƙanana, ta yanka tsohuwar rigar sanyinta ta ɗinka, don na gaya musu ƙanƙara tana yanka tafin ƙafar kare. Ɗinkin ya karkace, amma zai riƙe.

Da Turancinta na Manchester ta ce, "Anti, Goggo za ta yarda in sa mata?" Goggo take kiran Tussa. Sauran suka yi ta tsokanarta wai ta sami dangi a Norway. Ta ce gara danginta da nasu.

Yarinyar nan shekara guda ta yi tana zuwa tana zama a bakin ƙofa, hular rigarta a kai, ba ta ce wa kowa uffan. Makaranta ta kore ta sau biyu. Likitan unguwa ya sa sunanta a layin masu jiran ganin babban likita, layin da har yau bai motsa ba. Ran da na raba hotuna kowa ya yi wawar ƙosassun karnuka masu shuɗin ido, aka bar tsohuwar, ita ta miƙa hannu ta ɗauka. Mahaifinta kuwa, Malam Uba mai tasi, sai da na kai shi gaban liman ya ji da kunnensa cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, kafin ya sa hannu.

Na ce mata safar ta yi kyau. Iyakar abin da na ce ke nan.

Asabar, 17 ga wata, a jirgin ƙasa, ina dawowa



Na bari aka ci abinci. Sahada ta kwashe kwanuka. Na ce, "Yaya, ran da ka je, ka shiga bayan shinge, inda tsofaffin suke?"

Ya ce, "An zagaya da ni."

"An zagaya da kai. Wa ya san za ka zo?"

Ya kalli Sahada. Ta shige kicin abinta.

"Na buga wa mai gidan waya kafin in taso."

"Yaushe?"

"Da sati guda. Malama, gidan mutum ne fa. Matarsa na ciki, 'ya'yansa na ciki. In faɗo masa kamar ɗan sanda? Ni ba a haife ni in shiga gidan mutane ba sallama ba."

Na ce sallama daga bakin ƙofa ake yin ta, ba daga Birmingham ba.

Har tsaraba ya kai masa, kwalbar yajin shito da yadin saƙi. Mutumin kuma ya tarbe shi a filin jirgi, ya ba shi ɗakin ɗansa, ya je har gari ya nemo kifi don ya san ba ya cin namansu. Ya nuna masa alƙibla da kansa. Da safe ya nuna masa karnukan gaba, masu ƙiba, masu tsalle. Da suka zo shinge ya ce can baya ana gyara, akwai santsi.

"Sai ka juyo."

"Na ci abincinsa, na kwana a gadon ɗansa. In ce masa buɗe in gani, ƙarya kake? Ke za ki iya?"

Na ce shi ya sa ba a kwana, ba a cin abinci, ba a buga waya. Ya ce mu 'yan Najeriya ba mu da kara. Na ce karar da ya yi wa mutumin, wa ya biya ta? Sahada ta leƙo ta ce in tafi da sauran abincin. Na tafi da shi, ga shi a cinyata yana ɗumi, haushi ya hana ni ko kallonsa.

Litinin, 19 ga wata, da rana

Na kira mai Gidan Tafki. Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Na ce yarinyarmu tana son aika wa Tussa kyauta, a ba ni lambar iyalin da suka ɗauke ta. Ya yi dariya mai daɗi, ya ce mutanen ba sa son a dame su. Na ce to sunan garin. Ya ce zai duba. Ya tambayi lafiyar Inusah, abokinsa, ya ce yajin nan ya kusa kashe shi.

Laraba, 21 ga wata, da safe

Bai duba ba.

Juma'a, 23 ga wata, bayan an sauko

Na yi kuskuren faɗa wa wata 'yar uwa a ɓangaren mata na masallaci. Tana digiri na uku a jami'a, a kan lafiyar al'umma. Ta ce, "Asama'u, duk wannan ramar a kan kare? Mutane na layin karɓar abincin sadaka a garin nan, ke kina makokin kare." Na san layin, ni nake raka iyayen yarana. Ban san an ce wanda ya damu da wannan ya bar damuwa da wancan ba. Dabba ta yi shekara goma tana jan ƙattin baƙi a cikin sanyin da ke daskarar da hawaye, ta ciyar da gidan mutum, ta biya wa 'ya'yansa makaranta. Ba ta da hakki?

Ban faɗa mata haka ba. A bas na tsara amsar.

Na sayi tikiti. Ban gaya wa Yaya ba, kada karar tasa ta motsa.

Talata, 27 ga wata, Norway, a masauki

Rana ba ta fito sosai ba, ta ɗan yi ja a bakin duwatsu ta koma. Azahar da la'asar da magariba a jere suka zo kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Na yi hayar mota na je Gidan Tafki. Mai gidan yana tsakar gida yana saran daskararren nama. Da ya gan ni fuskarsa ta yi wani abu, sannan ya gyara ta. Ya buɗe hannuwa. Ya kira matarsa. Kafin in rufe ƙofar mota ta fito da kofi a faranti da waina mai zafi, ba ko rigar sanyi a jikinta, tana cewa in shigo, in shigo, na sha hanya.

Allah ya sani ƙafata ta juya wajen ƙofar gidan da kanta. Matar nan ta girme ni. Tana tsaye cikin sanyi da faranti a hannu saboda ni. Duk tarbiyyar da aka yi mini a Zariya ta taso mini. Na ji abin da Yaya ya ji, ban kuma yafe masa ba, don na ji ana iya wucewa.

Na ce na gode, ba zan sha ba. Na ce bayan shinge zan fara gani.

Ya ce akwai santsi. Na ce na zo da takalmi.

Ɗakunan katakon suna nan a jere, kowanne da suna a goshinsa. Sarƙoƙi, waɗanda ya rantse ba ya amfani da su, suna kwance a ƙasa. Dusar da ke bakin ɗakunan a shafe take, ba sawu ko ɗaya. Na karanta sunayen. Na uku daga ƙarshe, Tussa.

Na ce ina suke. Ya daina dariya. Ya ce kare da ba ya ja yana ci kamar mai ja, likitan dabbobi kuma ba kyauta yake zuwa ba. Ya ce kowa haka yake yi a ƙarshen kaka, sai dai wasu sun fi shi iya ɓoyewa. Ya ce mu muna Ingila muna rubuta sharuɗɗa a ɗaki mai ɗumi. Ya ce ba su sha wahala ba, shi da kansa yake yi, da sauri.

Akwai wuri a bayan rumbun itace. Ya nuna da haɓa. Na je. Ba zan rubuta ba.

Da na dawo mota matar tana nan inda na bar ta, kofin ya daina tururi.

Laraba, 28 ga wata, da hantsi

Ko kunya. Da sauri, wai. Kamar yabo yake jira.

Laraba, da yamma, gidan Eli

Eli ce ɗaya abokiyar hulɗarmu a wannan yankin, ƙaramin gida ne nata. Ita ma ban sanar da ita ba. Na same ta tana kwasar kashin karnuka, ta miƙo mini shebur ta ce tunda na zo. Tsofaffinta uku suna kwance a kicin, ɗaya kurma, ɗaya tana wari, sai da na tsallake su kafin in kai ga kujera.

Na gaya mata. Sannan ta ce za ta karɓi yaran, amma karnukanta ba su da yawa, ba kuma za ta tauye musu hutu don kowa ba. Kowane yaro sau ɗaya zai hau keke. Sauran kwanakin shebur ne da saran nama. Na ce yarana sun fi ƙarfin shebur.

Na janye duk baƙinmu daga Gidan Tafki. Na kai rahoto ga hukumar da ke duba dabbobi a nan. Wata mata mai ladabi ta saurare ni, ta ce sarƙoƙin za su duba, amma ɗayan abin, in an yi shi yadda doka ta ce, ba laifi ba ne. Yadda doka ta ce.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, bayan azahar

Yaya Inusah ya tuƙo mota tun daga Birmingham, ya hau matakala da tukunya a hannu. Bai ce yi haƙuri ba. Ya zauna ya cire hula ya ce, "Na uku daga ƙarshe, kika ce?" Na ce e. Ya daɗe yana kallon bangon hotuna.

Sai ya ce, "Raki fa, a ce mata kudu."

Na ce me?

"A ce an kai ta kudu, tana kwance gaban murhu a gidan wata tsohuwa. Mun canja gida saboda wurin ya cika da baƙi. Ta je wajen Eli, ta ga wasu karnukan, ta manta."

"Ƙaryarsa za mu ɗauko mu kai wa yarinya?"

"Ƙanwata, shekara kika yi kafin yarinyar nan ta ɗaga ido ta kalle ki. Kina so ta koma bakin ƙofa? Don ke ki ji daɗin kin faɗi gaskiya?"

Wannan ta shige ni. Na ce duk wanda ya taɓa zama gaban Raki da takarda a hannu, haka ya yi mata. An ce musu gyara za a yi wa cibiya. An ce mata likita zai kira. Ta san muryar. In ta ji ta a bakina, shi ke nan.

Ya ce, "In ta ƙi zuwa fa?"

Na ce za ta zo.

Ya ce shi zai gaya wa yaran Lozells da kansa, har da batun wayar da ya buga. Na ce ba sai ya faɗi wannan ba. Ya ce in ni ban da kara, shi ma yau ya ajiye tasa a mota.

Laraba, 4 ga wata

Gobe.

Alhamis, 5 ga wata, bayan magariba

Na riƙe ta bayan sauran sun tafi. Na faɗa mata a taƙaice, ban yi ado ba. Na ce Tussa ta mutu, ba ciwo ta yi ba, mai gidan ne ya ga ta daina amfani. Na ce mun daina aiki da shi. Na ce akwai Eli, akwai tsofaffi uku a kicin da ke buƙatar safa.

Ta ce, "Yaushe?"

Na ce a ƙarshen kaka, wajen Oktoba.

Ta ce, "A Disamba na ɗinka."

Na ce na sani.

"Kin ce kuna dubawa. A takardarku an rubuta."

Na ce mun duba, ba mu duba da kyau ba.

Ta ce, "Ran da na kawo safar, kin sani?" Na ce ina zargi, ban tabbatar ba. Ta ce, "Kika ce ta yi kyau."

Ba ta yi kuka ba. Ta cire hoton daga bango, ta lallaɓa ta ɓare abin manne a hankali don kada ya yage, ta sa a aljihu. Ta ja hular rigarta. Na ji saukarta har ƙasa.

Asabar, 7 ga wata

Ba ta amsa saƙo.

Talata, 10 ga wata, da rana

Wani kamfanin yawon buɗe ido ya riga ya cike gurbin da muka bari a Gidan Tafki. Na ga tallarsu, da hoton karnukan gaba. Mutumin bai yi asarar ko kwana ɗaya ba. Wadda ta yi asara tana wani gidan bene a Gorton, ɗaki a rufe.

Alhamis, 12 ga wata, da yamma

Yara biyar suka zo. Mun gwada takalma da safar hannu. Na bar ƙofa a buɗe har sanyi ya ishe su suka ce in rufe.

Asabar, 14 ga wata, a jirgin sama

Malam Uba ya zo da asuba kamar yadda ya yi alkawari tun tuni, zai kai kayanmu filin jirgi da tasinsa. Na leƙa kujerar baya tun kafin in gaishe shi. Ya gan ni.

Ya ce, "Malama, ba ta zo ba."

Muna hanya ya ce jiya ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana roƙonta ta tafi. Ya yi 'yar dariya. "Ni Uba, da aka kai ni gaban liman a kan kare, ni ne nake roƙon 'yata ta je wajen karnuka." Ya ce ko jakin da ya tsufa a ƙauyensu ba a yi masa haka, sakinsa ake yi ya ci karan gona.

Na ce ta ce wani abu?

"Ta ce in gaya miki ba ta fushi da ke." Ya sa sigina, ya shiga babban titi. "Ƙarya take, tana fushi. Amma ta tambaye ni ranar da za ku dawo, ta kuma tambaya ko Alhamis ta sama akwai zama. Na ce ban sani ba."

Na ce akwai.

Ya ce to zai faɗa mata, amma kada in sa rai da yawa, halin uwarta ne da ita.

Yaya Inusah ya iso da nasa shida, kowa ya yi ɗamara kamar za shi yaƙi. A bakin ƙofar jirgi na bi su ina taɓa kawunansu ɗaya bayan ɗaya yadda na saba. Na taɓa na ƙarshe, hannuna ya tsaya a sama yana neman wani kan. Yaya ya kama hannun ya sauke mini shi, ya ce mu shiga, ana jiranmu.